Kwalekwalen Ceto Mara Matuƙi

Wani mai sauraronmu daga Yawuri yana tambaya, wai da gaske akwai kwalekwalen ceto mara matuƙi?

Ƙwarai kuwa, Malam. Akwai EMILY, ƙirar kamfanin Hydronalix na Amurka. Tsawonsa kamar ƙafa huɗu, da batir yake aiki, mai ceto yana gaɓa yana sarrafa shi da rimot. Ruwa yake zuƙa ya feso ta baya, babu farfelar da za ta yanki wanda ya rungume shi. A 2016 an yi aiki da shi a tsibirin Lesbos na Girka wajen ceton 'yan gudun hijira, kuma da ma a ce akwai irinsa a mashiganmu na Kogin Kwara. Sai dai wanda ya suma ba ya iya riƙe kwalekwalen, dole gwanin iyo ya shiga ya ɗauko shi.