Wayar Hannu: Baiwa Ce Ko Uwargijiya?

Ya kai ɗalibin jami'a, ka kasa kunne. Wayar da ke aljihunka abu ne mai amfani ƙwarai, gama da ita kake gai da iyayenka daga nesa, da ita kuma kake neman ilimi. Amma in maigida ya yi sakaci, baiwa takan zama uwargijiya.

1. Yadda take kama mutum

Wani masani a Amurka, B. F. Skinner, ya gwada tantabaru da hatsi, aka buga binciken a 1957. Tantabarar da ta saba samun ƙwaya duk sa'ad da ta sari abin da aka sa mata, takan daina da wuri in hatsi ya yanke. Wadda kuwa takan samu wani lokaci, wani lokaci ta rasa, sai ta yi ta sara ba fasawa. Haka wayar take yi da kai. Kakan duba sau goma ba kome, na sha ɗaya ka tarar da saƙo mai daɗi, saƙon nan ɗaya kuwa shi ke komo da kai har tsakar dare.

2. Alamun bauta

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin kwamfuta da na waya cikin lissafin cututtuka, ta ba da alamu uku: mutum ya kasa tsai da kansa, ya fifita wasan bisa sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba ko da ya ga ɓarna. Ka auna kanka da ma'aunin nan. Kana duban waya malami yana koyarwa? Barcinka ya ragu? Ranka yakan ɓaci in caji ya ƙare?

3. Hanyar kuɓuta

Tun 2018 Apple da Google suka sa wa wayoyi abin ƙidayar sa'o'in da mutum ya yi a kansu. Ka duba naka, kada ka ruɗi kanka. Ka kashe ƙarar saƙonnin da ba su zama dole ba. Lokacin karatu ka ajiye ta a wani ɗaki, da dare kuma nesa da shimfiɗarka. Ka gaya wa aboki amintacce niyyarka, domin ya riƙa tambayarka. In abin ya fi ƙarfinka, ka je wurin likita, ba abin kunya ba ne.

Iyayenka sun sha wahala kafin su biya kuɗin makarantar nan, sa'ar da ta wuce kuwa ba ta komowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka fara yau.