Ilimin Tsufa a Matakin Digirin Digirgir: Gurbin Bincike a Birnin Katsina

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin ilimin tsufa a matsayin fannin nazari, sannan ta nuna cewa duk binciken digirin digirgir da za a gudanar a kan tsofaffin Katsina ya kamata ya faro daga cikin gidan Bahaushe, domin a can ne ɗawainiyarsu take.

1.0 Gabatarwa

Ilimin tsufa, wato jerontoloji, fanni ne da ke nazarin yadda shekaru ke sauya jikin mutum da tunaninsa da matsayinsa a cikin al'umma. Ya bambanta da likitancin tsofaffi, wanda ya taƙaita ga cututtukansu. Masani Ilya Mecinikof ne ya ƙirƙiri sunan fannin a 1903, amma sai a 1989 Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Amurka ta buɗe digirin digirgir na farko a kansa. Ɗalibin wannan mataki yakan haɗa ilimin halittar jiki da na halayyar ɗan'adam da na zamantakewa da tsare-tsaren gwamnati, kafin ya rubuta kundinsa.

2.0 Matsayin Fannin a Nijeriya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu shekara 60 zuwa sama za su kai biliyan 2.1 a 2050, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A Nijeriya, Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da tsofaffi a 2012. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a 2018, aka kuma amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021. Sai dai ƙidayar jama'a ta ƙarshe tun ta 2006 ce, don haka tsare-tsaren sun dogara ne ga hasashe.

3.0 Gurabun Bincike a Katsina

Gurbi na farko shi ne ma'anar tsufa. Ma'aikacin gwamnati yakan yi ritaya idan ya cika shekara 60 ko ya yi shekara 35 yana aiki, amma dukawa da maƙera da 'yan tireda ba su san ritaya ba, da yawansu ma ba su da takardar haihuwa. Bahaushe kan auna girma da furfura da jikoki da raunin ƙarfi, ya kuma bambanta tsoho da dattijo, domin dattaku hali ne.

Na biyu shi ne gandu. A littafinta na 1972 kan Batagarawa, kudu da birnin Katsina, Polly Hill ta bayyana yadda 'ya'ya magidanta ke noma gonar mahaifinsu, shi kuma ya ciyar da su. Wannan tsari shi ne fanshon manomi. A yau rabon gado ya tsinka gonaki, samari sun tafi cirani, matsalar tsaro kuma ta koro iyalai daga yankunan Batsari da Jibiya zuwa birni. Wane ne ke ciyar da tsohon da aka raba da rumbunsa?

Na uku shi ne gigin tsufa. Jama'a kan ɗauke shi a matsayin ɗabi'ar shekaru, alhali sau da yawa cutar ƙwaƙwalwa ce. Nauyin jinyar kan faɗa wa 'ya'ya mata da matan 'ya'ya, waɗanda kunya ke hana su kokawa. Tambayoyin gwaji da aka tsara da Ingilishi, masu neman tsohuwa ta faɗi kwanan watan Bature, ba za su ba da sahihin sakamako ba sai an daidaita su da Hausa da lissafin watannin Musulunci.

4.0 Kammalawa

Katsina na da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Ƙalam da Asibitin Koyarwa na Tarayya. Haɗin gwiwar sassan Hausa da zamantakewa da likitoci zai iya samar da masu binciken da suka san harshen tsofaffi da ladabin shiga zaurensu. Musulunci ya wajabta kyautata wa iyaye idan sun tsufa. Aikin manazarci shi ne ya gano abin da iyalai ke buƙata domin sauke wannan nauyi.