Hawan Sukari ga Mai Juna Biyu da Fa'idar Gwaji Tun da Wuri

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya sanya haihuwa ta zama sababin wanzuwar bil'adama, Ya kuma hore wa bayinSa ilmin da za su kiyaye lafiyar uwa da abin da ke cikinta. Bayan haka, maƙasudin wannan 'yar takarda shi ne faɗakar da matan aure da mazajensu, da iyaye da surukai waɗanda shawara ke hannunsu, game da wata larura da ke zuwa wa mai juna biyu a ɓoye, ba zazzaɓi ba ciwon kai, wato hawan sukari a cikin jini, wadda Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa tana shafar haihuwa 1 cikin kowace 6.

Asalin larurar

Ku sani, ya ku 'yan'uwa, duk abincin da muke ci mai sitaci, ko tuwo ne ko shinkafa ko doya, idan ya narke sukari yake zama ya shiga jini, kuma ba ya samun hanyar shiga tsoka ya zama ƙarfi sai da wani sinadari mai suna insulin, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi take samarwa. Misalinsa kamar makullin sito ne, in babu shi sai kaya su yi ta taruwa a bakin ƙofa. To, yayin da ciki ya fara girma, mabiyiya takan fitar da wasu sinadarai masu dushe kaifin insulin, hikimar kuwa ita ce abinci ya wadata ga ɗan tayi. Macen da jikinta ya iya ƙara yawan insulin sai ta wuce lafiya, wadda jikinta ya gaza kuwa sai sukari ya yi mata yawa a jini.

Tun a 1952 wani likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Pedersen ya bayyana yadda cutarwar ke isa ga ɗa: sukarin uwa yana ratsa mabiyiya, insulin ɗinta kuwa ba ya ratsawa, sai ɗan tayi ya dinga samar da nasa fiye da kima, yana mai da rarar sukarin kitse, har ya yi girman da ya wuce ƙa'ida. Mukan yi barka da ƙaton jariri muna cewa uwa ta ci ta ƙoshi, alhali ungozoma ta san abin da ake gani a ɗakin haihuwa idan kai ya fito kafaɗa ta maƙale, ana ta fama, uwa ta galabaita, ɗa kuma numfashinsa na cikin haɗari. Daga nan ne ake samun doguwar naƙuda, da tiyata, da karayar ƙashin wuyan jariri ko shanyewar hannunsa. Ga kuma hawan jini da jijjiga ga uwa, da faɗuwar sukarin jariri da shawara bayan an haife shi, wani lokaci ma, Allah Ya kiyaye, da mutuwar ɗa a ciki.

Waɗanda bai kamata su jira ba

Al'adar asibitoci ita ce a gwada mai ciki tsakanin mako na 24 da na 28, wajen wata shida ke nan, domin a lokacin ne aikin mabiyiya ke tsananta. Amma akwai matan da jira har wannan lokaci sakaci ne a gare su: wadda aka taɓa samun hawan sukari a wani cikinta na baya, wadda ta taɓa haihuwar ɗa mai nauyin kilo 4 ko fiye, wadda mahaifinta ko mahaifiyarta ko ɗan'uwanta na jini ke da ciwon sukari, mai ƙiba sosai, wadda ta haura shekara 35, mai hawan jini, da wadda ta taɓa haihuwar ɗa ba rai ba tare da an gane dalili ba. Duk wadda ɗaya daga cikin waɗannan ya shafe ta, wajibi ne ta faɗa wa malamar asibiti ranar da ta yanki katin awo, ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba, ta kuma nemi a duba jininta.

Hujja ta farko ita ce, mata da yawa suna ɗauke da ciwon sukari tun kafin su sami ciki ba su sani ba, gaɓoɓin ɗan tayi kuwa, irin su zuciya da laka, a makonnin farko ake tsara halittarsu, lokacin da yawan sukari ya fi yi musu illa. Gwargwadon saurin ganewa, gwargwadon abin da za a iya tsarewa. Hujja ta biyu kuma bincike ne da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a Ostareliya da Ostiriya da Suwidin da Indiya a kan mata 802 masu irin waɗannan alamomi da aka ga sukarinsu ya hau kafin mako na 20: jariran waɗanda aka fara kula da su nan take kusan kashi 25 cikin 100 ne suka sami matsala, na waɗanda aka jinkirta wa kuwa kusan kashi 30, kuma mafi yawan bambancin a wahalar numfashi aka gan shi.

A nan ne kunya ke yi mana ɓarna, domin sau da yawa mace, musamman mai cikin fari, takan ɓoye cikinta har sai ya fito fili, uwar miji kuma ta ce ai lafiyarta ƙalau, me za a je nema a asibiti. Kunya ado ce ga mace, amma malamar awo ba ta cikin waɗanda ake ɓoye wa ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wasiyya tun 2016 da a je awo sau 8, na farko kuwa cikin makonni 12 na farko.

Yadda ake gwajin

Mace za ta kwana ba ta ci komai ba na aƙalla awa 8, sai ruwa zalla, ta yi sammako zuwa asibiti a ɗebi jininta. Sannan a dama mata giram 75 na sukarin gulukos a kofin ruwa ta shanye cikin 'yan mintuna, abin da zaƙinsa kan tayar wa wasu zuciya, ta zauna wuri ɗaya ba ci ba yawo, a sake ɗiba bayan awa 1, a kuma sake bayan awa 2. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar a 2013, idan awon farko ya kai 92, ko na biyu ya kai 180, ko na uku ya kai 153, a lissafin miligiram cikin desilita, larurar ta tabbata ko da ɗaya ne ya kai. In kuwa na farko ya kai 126 ko na ƙarshe ya kai 200, to cikakken ciwon sukari ne. Gwajin fitsari kaɗai bai isa hujja ba, balle jiran a ga kiyashi sun taru a wurin fitsari. Wadda gwajinta na wuri ya fita lafiya kuma kada ta saki jiki, dole ta sake a wata na shida.

Idan an same shi

Kada mace ta firgita, domin mafi yawan masu wannan larura gyaran ci da motsa jiki kan wadatar da su: a rage malmalar tuwo a ƙara miyar ganye da wake da ƙwai da kifi, a raba abinci kaɗan-kaɗan, a bar lemon kwalba da zuba sukari ko zuma a fura da kunu, a kuma ɗan taka bayan cin abinci. Wadda wannan bai ishe ta ba likita zai ba ta ƙwaya ko allurar insulin, ita kuwa allurar ba ta cutar da ɗa. Batun azumin Ramadan kuma, shari'a ta yi rangwame ga mai cikin da ake jin tsoron cutuwarta ko cutuwar ɗanta, sai ta ji ta bakin likita ta kuma tambayi malamai hukuncin ramuwa. Bayan haihuwa galibi sukarin kan sauka, amma a sake gwaji tsakanin mako 6 zuwa 12, a kuma riƙa dubawa lokaci-lokaci, domin kusan rabin irin waɗannan mata ciwon sukari kan kama su daga baya.

Kai kuma maigida, ka sani kuɗin mota da na gwaji suna cikin kulawar da ke wuyanka, kuma sun fi kuɗin tiyata sauƙi nesa ba kusa ba; kada ka jira ta roƙe ka, kai ne za ka ce ta shirya. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah Ya sauki matanmu lafiya, Ya raya mana zuriya bisa tafarkin shiriya, amin.