Amsoshin Tambayoyinku: Tsuntsun Ɓaure na Tsibirin Wetar

Wannan tambaya ta fito ne daga Malam Sani a Funtuwa. Yana cewa: "Don Allah a yi mini bayanin tsuntsun ɓaure na Wetar, kuma me ya sa ake maganar kare shi?"

To Malam Sani, mun gode. Wetar wani tsibiri ne a gabashin Indunusiya, arewa da tsibirin Timor. Tsuntsun ɓaure iri uku ne: akwai na Ostareliya da kudancin Niyu Gini, akwai na Timor, sai na Wetar. Dukkansu dangin oriyol ne, tsuntsun nan mai ruwan ɗorawa da ake gani a dazuzzukanmu.

Namijin na Wetar kansa baƙi ne, bayansa kore, cikinsa fari. Gefen idonsa babu gashi, jar fata ce kawai. Macen kuwa ruwan ƙasa ce, da zane-zane a ƙirji. Abincinsu 'ya'yan itatuwa ne, musamman ɓaure, shi ya sa ake ce masa tsuntsun ɓaure. In ya ci ya tashi, sai ya kasayar da ƙwayar a wani wuri, sabon ɓaure ya tsiro.

Maganar kare shi kuma, Malam Sani, dalilin shi ne ba a samunsa ko'ina a duniya sai Wetar. Wetar kaɗai. Dajin tsibirin yana nan da saura sosai, amma ana sarar itace, ana share gonaki, ana kuma haƙar tagulla. A ganina abin da ya fi dacewa a sa wa ido shi ne manyan itatuwan ɓaure, domin in aka sare su, tsuntsun ba shi da wani tsibirin da zai koma.