Farin Zawo Ga Yara: Jan Kunne Ga Iyaye

Kowace shekara, da zarar damina ta kankama, ruwa ya kwashi ƙazantar bayan gari ya zuba a rijiyoyi da kududdufai, sai a ji hukumar lafiya tana shela game da amai da gudawa, wato kwalara, annobar da a 2021 kaɗai aka ƙidaya mutum fiye da 100,000 da ake kyautata zaton ta kama a Nijeriya, galibinsu a Arewa, musamman Bauchi, Kano, Jigawa da Zamfara. In ta yi tsanani, alamarta ba ta ɓuya, domin bayan gidan yaro yakan zo tsululu, fari-fari, launin ruwan wankin shinkafa.

Abin tsoro a cikinta shi ne ƙarewar ruwan jiki. Misalin wannan yaro misalin tulu ne da ya tsage ta gindi, wanda uwargida ta cika da asuba, ta rufe bakinsa da faifai, tana ganinsa zaune a mazauninsa lafiya lau, alhali ruwan yana zurarewa ta inda ido ba ya kai, har azahar ta yi, ta zura moɗa ta ji ƙasa. Haka yaron ma, sai idanu su zurma, maɗiga ta lotsa, fitsari ya ɗauke, in an tsunkuli fatar ciki ta jima ba ta koma ba. Daga nan zuwa ajali wani lokaci sa'o'i kaɗan ne.

To, wane uzuri ke ga mahaifiyar da ta ce ai haƙori ne, ko maigidan da ya hana zuwa asibiti yana fakewa da ƙaddara? Ƙaddara haƙƙun ce, amma shari'a ta yi umarni da neman magani, yaro kuwa amana ne da za a yi tambaya a kansa ranar hisabi. Wannan sakaci ne, ba tawakkali ba. Tun kafin a kama hanyar asibiti, a samo lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokalin shayi, a riƙa ba yaron kurɓi-kurɓi ko da yana amai, kada kuma a janye masa nono.

Ban da kwalara, akwai wasu sabuban farin zawo. Kashi mai maiƙo da ɗoyi, tare da kumburin ciki da rama, yakan fito daga ƙwayar giyardiya ta gurɓataccen ruwa, ko daga tamowa. In fitsari ya yi duhu, ido ya yi rawaya, shawara ke nan, mai yiwuwa kuma hanta ce ta taɓu. Jaririn da ya wuce mako biyu da rawayan ido, kashinsa fari kamar alli, mai yiwuwa hanyar maɗaciyarsa ce ta toshe, aikin tiyatarta kuwa ya fi nasara kafin ya cika wata biyu, saboda haka ba a jira a gama wankan jego.