Karanta Gefen Taya Kafin Ka Biya Kuɗi



A watan Afrilun bara na raka Yayana Sabon Gari ya sayi tayoyin gwanjo guda huɗu. Mai shagon ya buga ɗaya da ƙasa ya ce, "Alhaji, dubi zanen nan, ko wata uku ba ta yi a Turai ba." Zane kam da zurfi, kuɗi kuma da sauƙi. Sati biyu bayan haka, muna hanyar Zariya da rana tsaka, wajen Kwanar Ɗangora, tayar baya ta yi bindiga. Allah ne kawai Ya tsare. Da na tsuguna na duba gefenta, sai ga lamba 4114, da ɗan hoton dutse mai alamar ƙanƙara a ciki. Ashe tayar ta faɗa mana gaskiya tun a shago, mu ne ba mu iya karatunta ba. Ni da ke shekarar ƙarshe a sashen injiniyan kanikanci, wallahi na ji kunya.

Mene ne riƙon hanya?

Duk nauyin mota yana kan wurare huɗu ne, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Birki wili yake tsayarwa. Taya ce ke tsayar da mota. Roba mai laushi tana kama kwalta sosai amma tana saurin suɗewa, mai tauri kuma tana daɗewa amma tana da santsi. Zanen da ke jikin taya aikinsa fitar da ruwa daga ƙarƙashinta. In ya gaza, sai motar ta hau kan ruwa, sitiyari ya daina jin magana.

Ta tsere daban, ta titi daban

A gasar Formula 1, wadda kamfanin Pirelli ke ba wa taya tun 2011, tayar lokacin rani ba ta da zane ko kaɗan, domin roba ta taɓa kwalta gaba ɗaya. Amma fa ana ɗumama ta da bargon lantarki kafin a ɗaura, ana canza ta ana tsakiyar tsere, da hadari ya zubar kuma a sauya mai zane. Akwai masu ɗan zane irin su Toyo R888R da Michelin Pilot Sport Cup 2 da ake hawa titi da su, sai dai an ƙera su ne don filin tsere mai sumul. Ka ɗaura su a Kano, ruwan Agusta ya same ka a France Road, za ka gane kurenka.

Haka ma yayin babban wili da siririyar taya da samari ke so. Tana da kyau a hoto, tana kuma jin kwana. Amma rami ɗaya a layukan Sabon Gari ko Fagge ya isa ya lanƙwasa wilin, gefen tayar ya yi ƙulu. Taya mai ƙulu kuwa ta mutu, ba ta da faci. Masu wasan mota a bikin aure kuma su sani: hayaƙin nan da ake wa tafi, robar da za ta tsayar da su gobe ce ke ƙonewa.

Abubuwa biyar da za ka karanta

1. Girma. Ɗauki misalin 205/55 R16 91V. Faɗin tayar milimita 205 ne, tsayin gefenta kashi 55 cikin 100 na faɗin, wili kuma inci 16. Ka tsaya kan girman da aka rubuta a jikin ƙofar direba.

2. Nauyi da gudu. Lamba 91 tana nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 615. Harafin V yana nufin kilomita 240 a awa. H 210, T kuma 190. Wannan iyakar ƙarfin tayar ce, ba izinin gudu ba.

3. Ranar haihuwa. Nemi rubutun da ya fara da DOT, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tamu mai 4114 an yi ta a mako na 41 na 2014. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana cewa wa'adin taya shekara huɗu ne. Kamfanin Michelin kansa yana cewa a cire duk wadda ta kai shekara goma, ko da zanenta na nan daram. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba. In ka ga an kankare wurin lambar, ka ajiye ta ka yi gaba.

4. Maki uku. TRACTION riƙon birki ne a jiƙaƙƙiyar kwalta: AA, A, B ko C. TEMPERATURE jure zafi ne: A, B ko C. A garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu, nemi A, kada ka sauka ƙasa da B. TREADWEAR kuma daɗewa ne. 200 zuwa ƙasa yawanci na 'yan tsere ne.

5. Alamar ƙanƙara. Dutse mai tsini uku da alamar ƙanƙara a ciki yana nufin tayar hunturu ce, an yi ta don sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7. Zanenta mai zurfi shi ke yaudarar mutane, amma a kwaltar Kano robarta narkewa take kamar man shanu.

Me ya sa gwanjo ya cika kasuwa?

Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya rufe ta Ikeja a 2008. Tun daga nan muka dogara da na waje, kuma duk sanda Naira ta faɗi sai sabuwa ta fi ƙarfin talaka. Na san aljihun ɗalibi. In kuɗin huɗu ba su kai ba, sayi sababbi biyu ka ɗaura su a baya, ko da motar da gaba take ja. In gaba ya zame, direba yana iya gyarawa. In baya ya zame, motar juyawa take.

Bayan ka saya

Wasu masu faci da ido da yatsa suke auna iska. Lambar da ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Iskar da ta dace da motarka tana rubuce a jikin ƙofar direba. Ka auna da safe kafin taya ta ɗau zafi. Iska kaɗan tana sa taya zafi har ta fashe, iska da yawa kuma tana rage wurin da ke taɓa kwalta. A cikin zanen akwai 'yan tudun roba masu tsayin milimita 1.6; ranar da zane ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki.

Hutu ya ƙarato, da yawanmu za mu hau motocin gida ko na tasha. Ko ba kai ke tuƙi ba, tsuguna ka duba lambobin nan huɗu kafin ka shiga. Yayana yanzu da fitilar waya yake shiga shagon taya, masu shago har sun san shi. Araha dai ba ta ado.

Allah Ya kai mu gida lafiya, amin.