Sabon Mai Raba Abinci: Amana Kafin Zafin Nama

Gidajen abinci a Wurno, Rabah da Goronyo sun dogara ne da ranar kasuwa da matafiya: direbobin hanyar Sakkwato zuwa Achida da Goronyo har Sabon Birni, da fataken albasa, tafarnuwa da shinkafa. Duk a gaggauce suke, shi ya sa wanda ya fara aikin raba abinci yakan ɗauka sauri ne kawai ake nema a wurinsa. A ganina wannan ne kuskuren da ke raba sabon ma'aikaci da aikinsa. Mai abinci takan yi haƙuri da nawar sabon shiga, amma ba ta haƙuri da giɓi a ciniki ko ƙazantar da ke korar masu saye. Saboda haka ɗan'uwa, ka fara da amana, ta hannu da ta lissafi.

Amanar hannu ita ce ta farko, domin rai ne a ciki. Annobar amai da gudawa ta 2021 ta yi wa Jihar Sakkwato ɓarna, kuma cutar ta ruwa da abinci take bi, musamman da damina in Gulbin Rima ya yi ambaliya. Hannun da ya karɓi tsohuwar takardar naira shi ne zai ɗauki farantin tuwo. Ka wanke shi da sabulu da ruwan buta, ba a kwanon da kowa ya tsoma hannu ba. Ka yanke farce, ka tallabo faranti daga ƙasa kada yatsa ya shiga miya. Ranar da cikinka ya ɓaci, ka faɗi gaskiya ka zauna a gida.

Sai amanar lissafi. Ka maimaita wa baƙo abin da ya nema, malmala nawa, nama nawa, ka faɗi kuɗin kafin ya fara ci. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 taransfa ta zama ruwan dare, kuma shaidar biya a wayar mai saye ba ta isa ba, sai kuɗi sun shiga asusun mai gidan abincin, ba naka ba. Kada ka ba da bashi ba da izini ba, ko ga abokinka. Kai ma ka tsare haƙƙinka: dokar mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 tun 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Don haka ku daidaita a gaban shaida kan ladanka, ranar biya, abincinka, da wanda zai biya farantin da ya fashe.

Wani zai ce ranar kasuwa babu lokacin wannan duka, ga direba na son ya isa gida kafin duhu saboda halin tsaro. Uzurinsa gaskiya ne, amma sauri ya haifi nawa: gardamar canji da mayar da farantin da ba shi aka nema ba sun fi wanke hannu cin lokaci. Wani kuma zai ce jiran shigar kuɗi cin fuska ne ga dattijo. Lafazi ke gyara wannan: “Baba, a yi haƙuri, ƙa'idar gidan ce.” Dattijon kirki ba ya fushi da yaron da ke tsare dukiyar uwar ɗakinsa. Zafin nama zai zo da kansa cikin 'yan makonni, kuma wanda aka yarda da hannunsa shi ake damƙa wa akwatin ciniki, daga nan ya koyi yadda zai buɗe nasa wurin.